Na Huɗu a Gidanmu

A Vardø rana kan yi tafiyar wata biyu
ba ta bar wa kowa sallahu ba.
Huɗun asuba da huɗun yamma
duhunsu ɗaya, agogo ne ke raba gardama.

Jirgin babana Eilif ƙarami ne,
taku talatin, shuɗin fentinsa duk ya ɓare.
Abin da ya fi ji da shi a ciki
ba taru ba ne, ba ƙugiyoyi ba.
Baƙin akwati ne mai kunne biyu,
nauyinsa ya kai na ɗan shekara bakwai.

Kullum dare sai ya kwance shi,
baƙar waya tukuna, sannan ja,
ya ɗora shi a katako, ya ja bisa ƙanƙara
har kicin, ba jikin murhu ba, ba bakin ƙofa ba.
Innata Torbjørg takan ce:
mu huɗu ne a gidan nan,
na huɗun ko gaisuwa bai iya ba.

Wata rana yana ɗaura fatsa ya ce da ni,
"Ingunn, sanyi ba ɓarawo ba ne.
Wutar tana nan, fitowa ce ke mata wuya.
Darma da ruwan batir hira suke yi,
hirar nan ita ce wutar.
In sanyi ya shiga tsakani, baki ya yi nauyi,
sai an jima kafin kalma ta fito.
Ga baƙin mai ya yi kauri kamar zuma a kwalba,
inji na neman ninki,
mai bayarwa kuwa ya koma rabi."

Na ji, kamar yadda yara ke ji.

Shekarar da ƙirji ya kwantar da shi
ni na karɓi makulli.
Na dawo ran Talata, yatsuna ba nawa ba,
na ɗaure igiya, na ce batir sai gobe.
Fitilar ɗakin tuƙi ma ban kashe ba.

Gobe ta zo da iska,
ta zauna mana kwana uku.

Ran Asabar teku ta kwanta luf.
Jirage na fita ɗaya bayan ɗaya,
Oddvar ya ɗaga mini hannu daga nasa.
Na murɗa makulli.
Ƙyas.
Na sake murɗawa. Ko ƙyas ɗin babu.

Na ɗaga murfi, na haska tocila:
cikinsa ya kumbura, gefe ya tsage,
ƙanƙara ta leƙo ta tsagar
fara fat, kamar haƙori.
Cikakken batir yakan yi wa sanyi taurin kai.
Wanda aka zuƙe, ruwansa ya salance,
ya zama ruwa kamar kowane ruwa,
kuma kowa ya san abin da ruwa ke yi a Vardø.

Duk da haka na jawo shi gida,
ban san dalili ba.
Babana ya sauko da bargo a kafaɗa,
ya durƙusa, numfashinsa na ƙugi,
ya daɗe yana kallon tsagar.
"Kada ki sa masa caji," ya ce,
"daskararre ba a ɗura masa wuta."

Na tsaya ina jiran sauran faɗan.
Ya dubi fuskata, ya dubi hannuwana.
"Yaushe rabonki da abinci mai zafi?"

Sabon batir bashi na ci,
sai da kifin bazara ya biya.
Yau shekara tara babu Eilif,
innata ta rage lissafi zuwa uku.
Maƙwabta sun sa wutar caji a bakin gaɓa,
suna mini dariyar katako da igiya.
Ni dai baƙar waya tukuna, sannan ja,
in hau tudu ina ja, ina haki,
in ajiye shi a gurbinsa,
sannan in ɗora tukunya.